Ni Na Cire wa Dogo Takunkumi

Wata daga cikinku ta rubuto mini shekaranjiya, ta ce, "Ke kam kin dace, kin samu namiji mai jin maganarki." Na daɗe riƙe da wayar ina kallon saƙon nan. 'Yar uwa, jin maganar tawa ce ta kwantar da shi. Yau kwanan Dogo goma sha tara a gadon asibiti, saura wata biyu bikinmu, kuma duk kwanakin nan mahaifiyarsa kullum sai ta kama hannuna ta sa mini albarka, don a zatonta ni na ceci ɗanta. Na san ranar da ta ji gaskiya zan iya rasa shi, shi ya sa na kulle bakina. Yau dai na buɗe shi. Na ga akwai sababbin masu karatu, don haka bari in ɗauko muku daga tushe, in ya so ku zage ni da hujja.

Ni ma'aikaciya ce a ɗakin bincike na jami'a. Kada ku ji an ce bincike ku ɗauka wata babba ce ni. Ni ce mai wanke kwalabe, mai auna ɓeraye, mai share keji. Farfesar da nake yi wa aiki shekara biyu ke nan tana bin abu ɗaya, wato ko ruwan da ake tatsowa daga ganyen zogale zai rage ɓarnar da maganin ƙwari ke yi a jiki. Fararen ɓeraye gare mu a keji uku. Na farko abinci da ruwa kawai. Na biyu muna ɗiga musu maganin ƙwari kaɗan-kaɗan a baki da sirinji. Na uku muna ba su maganin ƙwarin da ruwan zogalen tare. Bayan sati huɗu a ɗebi jini, a duba hanta. Aikin ke nan, kuma ina sonsa, duk da warin da ke bin mayafina har gida.

A wurin aikin na haɗu da Dogo. Kyankyasai ne suka addabi sitonmu, aka kira masu feshi. Ina tsaka da aiki sai ga wani zabgegen mutum ya cika ƙofa, farar rigar aiki tun daga wuya har idon sawu, safar hannu, takalmin roba, tanki a baya, ga wani takunkumi mai hanci biyu ya rufe masa rabin fuska.

"Malama, fita za ki yi," ya ce, muryar na fitowa kamar daga cikin bokiti. "Awa huɗu ba shiga."

"Ɓerayena fa?"

"Ɓerayenki?" Ya leƙa kejin. "Ikon Allah. Ni ana biyana in kashe su, ke ana biyanki ki yi renonsu."

Shi ya taya ni kwashe su zuwa ɗayan ɗakin, yana tafe yana yi musu sannu. Tun ranar ya sa mini Likitar Ɓeraye, daga baya ya gajarta ya koma Dokta, har abokan aikinsa suka ɗauka. Su huɗu ne da motarsu, shi ne ogansu. Suna feshin gidaje da ɗakunan ajiya da manyan rumfunan ledan nan da ake noman tumatir a ciki. Kullum da safe kafin ya ɗauki tanki sai ya turo mini saƙo: "Ina kwana Dokta, ya majinyatan?" Ni kuma in ce suna gaishe shi. A kan takunkumi kuwa Dogo ba shi da wasa ko kaɗan. Da idona na ga ya sauke tanki daga bayan wani ma'aikacinsa ya kora shi gida, don kawai ya zame takunkumin ya amsa waya. Irin mutumin da na samu ke nan.

Yanzu ku zo gidanmu. Tun rasuwar Baba, yayarsa da muke kira Gwaggo ta dawo wurinmu da zama, kuma ita ke yanke magana. Umma ba ta ja da ita ko a kan gishiri. Ranar da Dogo zai fara zuwa gaishe su, tun safe na goge falo, na canza rigunan kujeru, na ɗauko kofunan gilashin da ba a taɓawa sai an yi baƙo. Na sa doguwar riga ruwan toka da mayafi mai 'yan duwatsu a baki. Shi ma wallahi ya yi ƙoƙari, shuɗiyar riga ta sha guga, ga agogo, ga turare. Sai dai daga aiki ya biya gida ya yi wanka ya taho, kuma takunkumin nan idan ya wuni a fuska yana barin shaida. Wani baƙin layi ne ya kwanta a kan karan hancinsa, ya gangaro kumatu biyu har haɓa, ga ƙananan ƙuraje a gefensa saboda gumi.

Gwaggo ta sauke tabarau ta ƙare masa kallo.

"Yaro, wa ya ɗaure maka fuska da igiya?"

Ya yi dariya, ya yi mata bayani cikin ladabi. Ta ce, "Uhm." Wannan uhm ɗin na Gwaggo na san shi tun ina 'yar firamare.

Ko ƙofa bai gama ja ba ta fara. "Duk karatun da aka yi miki, ki rasa wanda za ki kawo sai mai kashe kuɗin cizo? Ga ɗan ƙawata mai kantin magani yana ta aike. Wannan fuskar za a sa a hoton biki a rataye a falo?"

"Yaya, yaron yana da hankali," in ji Umma, murya ƙasa-ƙasa.

"Hankali ake ratayewa a bango?"

Abin bai tsaya nan ba. 'Yar Gwaggo ashe ta ɗauke shi hoto ta bayan labule, ta jefa a guruf ɗin dangi, ta rubuta a ƙasa, "Angonmu mai layi." Kafin la'asar fuskokin dariya sun fi arba'in. Wani ya ce a nemo soson ƙarfe, wata ta ce a shafa masa hoda ranar biki. Na kife wayar na shiga banɗaki na yi kuka, kuma abin kunyar, ba don an ci mutuncinsa na yi kukan ba. Don ni aka yi wa dariya ne.

Na rubuta masa: "Ba za ka ɗan sassauta igiyar abin nan ba?"

"In na sassauta iska ta shiga, Dokta."

"To ko ranar da za ka zo gidanmu ka bar shi."

"Guba ba ta san ranar zuwa gidanku ba," ya aiko, har da fuskar dariya uku.

Na yi fushi, kwana biyu ban ɗaga kiransa ba.

A satin ne sakamakonmu ya fito. Hantar ɓerayen da suka sha zogale ta fi ta 'yan keji na biyu kyau nesa ba kusa ba. Na daka tsalle har na kusa ture kwalabe. Farfesa, wadda ba ta iya murna da ƙarfi ba, ta ɗauki alli ta rubuta layi uku a allo, ta ce in karanta da baki.

"An rage, ba a hana ba. Ɓera ne, ba mutum ba. Hanta muka duba, ba jijiya ba."

"Sake," ta ce.

Na sake. Ta ce irin maganin ƙwarin nan babbar ɓarnarsa a jijiyoyi take, waɗanda ke sa mutum numfashi da motsi, kuma mu ko kusa da nan ba mu je ba. Na gyaɗa kai. Na fahimta sarai, don haka kada wata ta zo tana kare ni wai rashin sani ne.

A hanyar gida wani tunani ya shige ni. Na tsaya kasuwa na sayi ganye ɗauri uku. Na shanya shi a inuwa a kan jarida a saman durowar kayana, da ya bushe na niƙa a blendar Umma, na jiƙa kwana biyu, na tace da sabon farin mayafina. Na ɗura a gorar ruwa, har da ɗaura mata jan zare a wuya wai don ta yi kyau. Ranar Alhamis ya zo ɗaukata daga aiki, na miƙa masa a mota.

"Mene ne wannan kore shar haka?"

"Abin da muke bincike a kai ne. Yana kashe dafin maganin ƙwari a jiki. Mun gwada, ya yi."

Ya ɗaga gorar yana kallonta a hasken rana. "Kin tabbata?"

"Ni da kai wa ya yi karatun?"

Wallahi haka na ce masa. Dogo bai wuce sakandare ba, abin yana cinsa a rai duk da ba ya faɗa, ni kuwa na san daidai inda zan taɓa. Layukan nan uku na allo suna kan harshena, na haɗiye su, na ɗora da cewa, "Cokali biyu safe da yamma. Ko ka cire takunkumin na ɗan lokaci ba komai, wannan zai wanke."

"To, Dokta," ya ce. "Tunda ke kika faɗa."

Da farko ranar Juma'a kawai yake cirewa, saboda Asabar yake zuwa gidanmu. Daga baya ya ji daɗin iska. Wanda bai taɓa wuni da roba a fuska cikin zafi ba, ba zai gane ba. Cikin sati uku layin ya dushe, ƙurajen suka baje, fuskar ta yi sumul. Gwaggo ta sake sauke tabarau ta ce, "Au, ashe yaron kyakkyawa ne." Har kujerar Baba ta nuna masa ya zauna. Ni da kaina na sa hotonsa a guruf ɗin dangi, na kwanta rub da ciki ina kallon masu turo zuciya, ina jin daɗi kamar wata sakarya. Duk sati nake haɗa masa sabuwar gora. A watan aka sa ranar biki.

Alamu sun zo, jama'a, ba wai ba su zo ba. Ya fara cewa kansa na sarawa da yamma. Wata Asabar a falonmu, fanka na gudu, na ga gumi na tsattsafo masa har rigar ta manne a bayansa. Ya ɗauki kofin lemo, kofin na kaɗawa a hannunsa har ya zuba a kafet. Na kalli idonsa, baƙin tsakiyar ya tsuke ya zama ɗan ɗigo. Na san wannan rawar jikin. Kullum ina ganinta a keji na biyu, kuma ina ganinta a na uku ma, wurin masu shan zogalen.

"Gajiya ce," na ce masa, ina goge kafet da sauri kada Gwaggo ta gani. "Ka ƙara cokali ɗaya."

Na ce a raina bayan biki zan sa ya mayar da takunkumin. Wata uku ne kawai, a ɗauki hotuna, shi ke nan. Da haka na riƙa lallashin kaina.

Wata Alhamis da hantsi ina ɗora ɓera a sikeli wayata ta yi ƙara. Ɗaya daga cikin mutanensa ne, dattijo mai 'ya'ya biyar, shi ke tuƙa motar kuma yana feshin, muna ce masa Baba Direba.

"Dokta, Oga ya faɗi a rumfar tumatir. Kumfa yake fitarwa. Muna hanyar asibiti."

Ban san inda na jefa ɓeran ba. Da safar aikin a hannuna na tari mota.

Na same shi a kan gado mai taya, an yanke rigarsa da almakashi, nas biyu suna wanke masa jiki, yawu na zuba, ƙirjinsa na ƙara kamar ana tafasa ruwa. Likitar, wata 'yar siririya mai saurin magana, ta karɓi galan ɗin maganin daga hannun Baba Direba ta karanta.

"Da takunkumi ya yi feshin?"

Baba Direba ya kalle ni. Ni kuma na kalli ƙasa.

"Yana sawa," in ji shi, don tsoron kada a hana su aiki.

"To ta ina duk wannan ya shiga?"

Ba ta tsaya jiran amsa ba, ta koma kan Dogo.

Kwana shida inji na yi masa numfashi. Mahaifiyarsa, Inna, tela ce. Ta rufe shagonta ta tare a barandar asibitin da tabarma da flas ɗin shayi. Ashe Dogo ya taɓa gaya mata cewa yarinyar da zai aura tana haɗa masa maganin kariya, bai dai gaya mata ya ajiye takunkumi ba. Sai ta yanke abin a ranta. Duk wanda ya zo dubiya sai ta jawo ni gabansa.

"Ga ta nan. Ba don ruwan ganyen da take ba shi ba, da tuni mun binne shi. 'Yata, Allah ya ba ki masu yi miki."

Ni kuma in sunkuyar da kai in ce amin, mutane suna yaba kunyata. Har shayi take zuba mini a kofinta, ta ce na rame, in daina sa damuwa.

A rana ta bakwai ya farfaɗo. Abin da ya fara ce mini, da muryar da bututu ya goge, shi ne, "Wa ke ba ɓerayen abinci?" Na yi dariya ina hawaye, na ce a raina shi ke nan, Allah ya rufa asiri, ba sai kowa ya sani ba. Shi ma bai ɗaga maganar ba ko da ido. Har an fara zancen sallama. Sai a rana ta goma sha shida ya sauko zai shiga banɗaki, silifa ya zame daga ƙafarsa bai ji ba, ya yi taku biyu ya durƙushe. Yanzu ba ya iya ɗaga tafin ƙafarsa, yatsun hannunsa ma maɓallin riga ya gagare su. Likita ta ce dafin ya taɓa jijiyoyi, wani lokacin sai bayan makonni abin yake nunawa. Ta ce zai iya dawowa cikin watanni, zai iya ɗaukar shekara, zai iya ƙin dawowa gaba ɗaya. Da na ji ta ce jijiyoyi sai na fita bayan gini na yi amai. Duk da haka na dawo na zauna kusa da Inna ban ce komai ba.

Yau na tashi aiki da wuri, na isa da la'asar. Baƙar doguwar riga na sa, ko hoda ban shafa ba, na riƙo masa ayaba da ruwa. A baranda na ci karo da Baba Direba, ya washe baki.

"Dokta, ke nake jira. Gobe da safe za mu koma mu ƙarasa rumfar nan, mai gonar ya matsa. Namu ruwan ya ƙare."

"Naku wane?"

"Na ganyen mana. Oga yana ɗiba mana daga tasa gorar. Ai mu ma tun watan jiya muka huta da takunkumin nan, Allah ya saka miki. Shi dai Oga tsautsayi ne, ranar bai karya ba ya shiga."

Innalillahi. Ban taɓa sanin abin ya wuce kan Dogo ba. Mutum uku, kowanne da iyalinsa, gobe za su shiga rufaffiyar rumfar da ta kayar da shi, fuska a buɗe, suna sa mini albarka.

Na shiga ɗakin. Gado huɗu ne, na Dogo yana jikin taga. An jingina shi da filo biyu, Inna na yanke masa farce. Tana ganina ta ajiye abin yankan, ta jawo wata ƙatuwar leda daga ƙarƙashin gado, cike da ɗanyen ganyen zogale. Har ta zauna ta tsinke shi tas daga jikin itacen.

"'Yata, ga shi na rage miki aiki. Ki haɗa wa mutanen nan, masu iyali ne. Ki ƙara da na mijinki, in ya sha ƙafar ma sai ta saki."

Na karɓi ledar, sanyin ganyen na ratsa hannuna. Na tsaya riƙe da ita, na ji a jikina idan na fita da ledar nan daga ɗakin na gama zama mutum.

"Inna, ba ya karewa."

"Me kika ce?"

"Ruwan ganyen. Ba ya kare kowa daga feshi."

"Dokta," in ji Dogo. "Bari."

"Ba zan bari ba."

Na faɗa mata duka, a tsaye, masu jinyar sauran gadajen suna ji. Na faɗa mata a ɓera muka gwada, kuma hanta kawai muka duba. Na faɗa mata ɗanta wata biyu yana feshi fuska a buɗe saboda ni na ce ba komai. Na faɗa mata na ga hannunsa na rawa a falonmu na ce ya ƙara cokali. A nan ne kukan ya ƙwace mini.

Inna ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Tambaya ɗaya zan yi miki. Ranar da kika ba shi, kin san ba ya karewa?"

"Na sani."

"To saboda me?"

Na so in ce saboda so. Na so in ce Gwaggo ce. Bakina ya ƙi.

"Saboda layin fuskarsa. Ana yi mini dariya a gida."

Ta juya ta kalli ɗanta, ta daɗe tana kallonsa.

"Ni na haifi fuskar nan," ta ce. "Shekara talatin da ɗaya ina kallonta, ban taɓa ganin abin gyara a jikinta ba."

"Inna, hannuna ne ya cire," in ji Dogo. "Ba ɗaure ni ta yi ba."

"Kai ma zan zo kanka. Yi mini shiru."

Ta leƙa baranda ta ƙwala wa Baba Direba kira. Ban taɓa jin Inna ta ɗaga murya ba sai yau. Ta ce duk wanda ya shiga rumfar nan gobe ba takunkumi, ita da ƙafarta za ta je ta gaya wa matarsa, kuma kafin nan su ukun su zo a duba jininsu. Sannan ta sa aka kira likitar, ta ce in maimaita a gabanta. Likitar ba ta zage ni ba, da ma ta zaga da na fi jin sauƙi. Rubutu kawai take yi. Can ta ɗago ta ce, "An ce a ɗakin bincike kike aiki?" Na ce e. Ta kalle ni, ta ci gaba da rubutunta.

Inna ta karɓi ledar daga hannuna ta mayar ƙarƙashin gado, ta gyara wa Dogo bargo a ƙafa.

"Je ki gida," ta ce, ba ta ko kalle ni ba. "Ban kore ki ba, ban kuma riƙe ki ba. Yau dai ba na son ganinki."

Na kalli Dogo. Shi taga yake kallo.

A gida na tarar da Gwaggo a falo tana kallon talabijin, Umma na ninke wanki a gefe. Ko takalmi ban gama cirewa ba Gwaggo ta ce, "Dama ke nake jira. Na ji an ce ƙafar ba tabbas. Allah ya taimake mu ba a ɗaura ba. Ki fara ja da baya a hankali, ba wanda zai ga laifinki."

Nan na fashe. Na gaya musu abin da na yi ina ihu, na ce ita ce ta jawo, ita da bakinta da 'yarta da guruf ɗinsu. Gwaggo ta bar ni na gama, ta rage sautin talabijin.

"Na yi dariya, ban musa ba. Amma ni na ce ki ba shi ganye? Ni na yi karatun?"

Duk rashin daɗin bakin Gwaggo, yau gaskiya ta faɗa, kuma ban taɓa jin haushinta kamar yau ba. Umma ta ajiye rigar da ke hannunta ta zo ta zauna kusa da ni. Ta tambaye ni ko na ci abinci. Na ce ba na ci.

Na shiga ɗaki rana ba ta gama faɗuwa ba. Na buɗe shafin Dogo a waya, sai na ga alamar yana rubutu. Ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Na zauna a bakin gado, ko mayafi ban cire ba. Mutumin da a da yake turo mini saƙo biyar kafin in amsa ɗaya, yau minti ashirin da biyu ya yi yana fama da yatsunsa. Da saƙon ya shigo wasu kalmomin a manne suke, wasu sun rasa harafi, amma na karanta.

"Na gode da kika faɗa saboda su Baba Direba. Nasu laifina ne, ni na ɗiba musu. Ni ma tun da hannuna ya fara rawa na yi zargi. Na ga yadda kike kallona ne da layin ya tafi, ban so ki daina ba. Kada ki zo gobe, Dokta. Ba fushi nake ba. Ba na son matar da za ta zauna da ni don nauyin laifi."

Sau shida ina rubuta amsa ina gogewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni kaina ban san amsar ba. In na je gobe, so ne ya kai ni ko laifi? Wadda ta kasa jure layi ɗaya a fuskarsa, da wane baki za ta ce masa za ta jure ƙafafun? Na tambayi kaina har na gaji, na yi kuka har Umma ta ƙwanƙwasa ƙofa na ce ba komai.

Har yanzu da nake muku wannan rubutu ban aika masa ko kalma ɗaya ba. Ƙarfe huɗu ake buɗe wa masu dubiya ƙofa, kuma na riga na gaya wa Farfesa gobe ƙarfe uku zan tashi.